Takardar da Lemuel Bai Cika Ba

Shekara talatin da ɗaya ni da Lemuel Pettaway muna shiga rami ɗaya, muna gyaran bututun ruwan garinmu. Shi ne wakilinmu a ƙungiyar ƙwadago, kuma ba abin da bakinsa ya saba da shi kamar "a'a". Ko kofi aka miƙa masa sai ya ce a'a tukuna, sannan ya karɓa.

Shekararmu shida da ritaya, hukumar gari ta je kotu ta ce ta talauce, ba ta iya biyan kowa. Ni ban san gari na yin haka ba. Na ce wa Lemuel, "To yanzu sayar da mu za a yi?"

"Kai ɗin? Da wannan gwiwar taka ko kyauta ba mai ɗauka."

Daga baya aka aiko wa kowane ɗan fansho ambulan mai kauri, wai mu jefa ƙuri'a. In mun ce e, za a rage mana fanshon kaɗan, amma mun haƙura da kai ƙara har abada. In mun ce a'a, ƙofar ƙara na buɗe, amma alƙali na iya yanke kusan kashi ɗaya cikin uku. Sau huɗu na karanta. Ta yaya mutum zai sa hannu a rage masa guminsa?

Ƙungiya ta ce a zaɓi e. Lemuel ya tsaya a zauren taro yana roƙon tsofaffin abokan aikinmu su yarda. Wani daga bayan zauren ya ce, "Nawa suka ba ka, Lem?" Amma a mota, muna komawa gida, sai ya ce mini, "Odell, in na sa hannu a abin nan, kada ka ƙara gaishe ni."

"To me ka gama gaya wa mutane yanzu?"

"Kalli hanya, mutumina."

Saura kwana tara a rufe ƙuri'a zuciyarsa ta tsaya, yana yankan ciyawa a ƙofar gida. Bayan jana'iza matarsa, Vernice, ta kira ni kicin. Rabin fanshonsa ya koma kanta, ƙuri'ar ma haka. Ga takardar a kan tebur, bai rubuta komai ba. Kwalaben maganin ciwon sukarinta na jere a gefe.

Ta ce, "Ka riga ni saninsa. Wanne zai zaɓa? Abin da yake so zan yi."

Na dubi magungunan, na ce, "E. Da bakinsa ya gaya mini."

Ta ɗago ta dube ni. "Lemuel ɗin nawa?"

"Shi."

Ta sa alama, ta liƙe ambulan, ni na kai gidan waya.

Lem, in ƙarya na yi maka, ka yafe mini. Har yau ban san wanne ne naka ba, na zaure ko na mota, kuma ba ni da wanda zan tambaya.