Ɗigon da Ya Bi Mai Gyara Har Gida

A layin masu gyara, tsakanin mai faci da tela, akwai wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum uku sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Mai shagon dattijo ne gajere, mai tabarau da son hira, kowa Mai Ɗigo yake kiransa. Da rediyo ya fara sana'a, ya koma kan talabijin mai ƙatuwar ƙeya, da zamani ya kawo masu faɗi marasa kauri ya bi su ba gardama. Sunan kuwa ya samo shi ne daga ɗan ɗigon nan da ke maƙalewa a fuskar talabijin, ƙanƙane kamar kan allura, wanda idonka na faɗawa kansa ka daina kallon fim, sai shi.

Hukuncinsa bai da tsawo. "In ja ne ko kore ko shuɗi, barci yake yi," haka yake gaya wa masu kawo gyara. "In baƙi ne ƙirin, ya riga mu gidan gaskiya, sai haƙuri ko a canja gilashin."

Mai barcin shi ne abin sonsa. Sai ya naɗe ƙyalle mai laushi a gindin fensir, ya danna wurin a hankali, ya kunna bidiyo mai walƙiya da launuka, ya yi ta yi wa ɗigon faɗa: "Tashi mana, malalacin banza, 'yan'uwanka duk suna aiki!" Wani ya tashi, wani ya ƙi. In ya tashi kuwa, tela ba shi da sauran sakat, sai an jawo shi ya zo ya gani da idonsa.

Wata safiya ya kunna talabijin ɗin wata malamar makaranta, ya ga baƙin ɗigo. Ya kunna na gaba, ga shi nan. Ya ɗaga kai ya dubi farin bango, ɗigon ya biyo shi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar, yana nan daram. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, kuma da ɗan duhu haka idonsa ya fara, ya ƙare rayuwarsa a zaune ana yi masa jagora. Ga shi ɗigon baƙi ne, shi kuwa ya fi kowa sanin hukuncin baƙi.

Bai gaya wa kowa ba. Hira ta ɗauke, abinci sai ya tsakura ya ture kwano. A gida ya koma zama shiru yana ƙura wa matarsa ido duk inda ta gifta, har abin ya ishe ta.

"Baban yara, wai lafiya?" ta tambaye shi wata rana da ya dawo tun la'asar ba ta yi ba. "Ko dai bakin naka ne aka kai gyara?"

Da ƙyar ya faɗa mata zancen ɗigon. Ta dube shi, sannan ta miƙo hannu. "Ba ni tabaran nan."

"Na goge shi har na gaji."

"Na ce ka ba ni."

Ta kai shi bakin taga, ta karkata shi ga haske, ta bi gilashin da farce. Ƙyas! Wani ɗan mitsitsin dalma ya ɓalle, irin wadda yake narkawa yana liƙa wayoyi da ita. Ashe dalmar ce ta yi tsalle ta lafe a gilashin, ƙyalle kuwa ba ya ɗaga dalma.

Ya mayar da tabarau. Bango fari tas. Labule tas. Sai ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa, ita ma ta riƙe ciki tana cewa, "Likitan ɗigo guda, ka yi wa idonka jana'iza da ransa!"

Dariya ta lafa amma bai ɗauke ido daga kanta ba.

"To yanzu kuma kallon na mene ne?"

"Kwanakin nan haddace fuskarki nake ta yi," ya ce, "don in tafi da ita cikin duhu. Yanzu kam bar ni in kalle ta a tsanake."