Baffa Tanko da Hanyar Zuwa Jiya

Da na ji Baffa Tanko ya faɗi lokaci kai tsaye, na san ba lafiya ba. Ku da kuka zauna da shi a unguwar Ridina kun san abin da nake nufi. Mutum ya shekara talatin yana gyaran agogo, amma ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya sauke gilashin idonsa ya ce, "A ina? Nan, ko Makka, ko Kartum?" Kafin ya gama bayani, abin da kake sauri dominsa ya wuce. To, ran nan da yaƙi ya shigo gari, da safe na leƙa shago na tambaye shi don tsokana kawai. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Tara saura kwata. Ɗauko mayafinki, ki kira Innarki." A lokacin ko harbi ɗaya ban ji ba tukuna.

Bari in dakata a nan. Inna Rabi, matarsa, wadda ta riƙe ni tun rasuwar babana, ita ta ce in rubuta a karanta muku ran sadakar arba'in. Ta ce kada in sa kowa kuka, Baffa cewa yake kuka ɓarnar gishiri ne.

Kun san dai ya yi imani da zuciya ɗaya cewa ana iya komawa jiya. Abin ya samo asali ne tun dawowarsa daga hajji. Da jirgi ya sauka aka ce kowa ya mai da agogonsa baya da awa biyu, shi ke nan, Baffa ya samu hujja. "Awa biyun nan sau biyu na rayu a cikinsu! Da direban ya ƙara wuta, da na sauka kafin in tashi." Da na shiga lise, wato sakandare, malaminmu na kimiyya, wanda muke kira Musye, ya ce ba a komawa baya, sai idan mutum zai wuce haske gudu, kuma ba abin da ke wuce haske. Na dawo gida da ɗoki, na ɗauki lemo da fitila ina nuna wa Baffa yadda duniya ke juyawa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Farfesa, shi Musyen naku ya taɓa gwadawa?" Na ce a'a. Ya karɓi lemon ya ɓare, ya jefa a baki, ya yamutsa fuska. "Duniyar taki ma tsami gare ta."

Shi kam ya gwada, wallahi! Wata rana agogon wani Balarabe ya ɗauke masa hankali har rana ta yi ja bai yi la'asar ba. Maimakon ya yi alwala, sai ya fito da keke ya tsaya ba shi iska, ya hau ya nufi yamma, wai zai cim ma rana. Babbar riga na tashi, kaji na watsewa. Kogin Shari ne ya tare shi. Ya dawo yana tura keken da faci, magariba ma ta kuɓuce masa. Liman ya ce, "Haba Alhaji Tanko, lokacin da ka ɓata kana ba taya iska ai ya ishe ka raka'a huɗu." Baffa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, zan rama. Amma a shaida, keken ne ba shi da gudu, hujjata tana nan."

Ga kuma maƙo. Baffa bai taɓa jefar da kalanda ba, a ƙarƙashin katifa yake tara su, wai shekaru suna zagayowa. Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Wata shekara ya zaro ta shekara goma sha ɗaya baya, ranakun suka zo daidai cif. Ya rataye ta yana taƙama, ya ƙwala wa Inna kira. "Rabi! Mun koma baya, kin dawo yarinya. Daga yau ba kai niƙa inji, ɗauko taɓaryarki." Da aka zo cin abinci Inna ta ajiye masa ƙwaryar aya busasshiya, ta ce, "Tunda haƙoranka sun dawo, Alhaji, bisimilla." Kwana biyu kalandar ta yi a bango.

To, in koma ran nan. Ashe tun asuba ya lura ba wanda ya buɗe shago a layinmu, motocin 'yan bindiga kuma sai wucewa suke, ba mai ɗaga hannu. Mun fito ke nan aka fara. Na ga hayaƙi ya tashi ta wajen unguwar Amrigebe, sai ƙara ta biyo. Na durƙusa a bakin kwata ina salati. Baffa ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Tashi, Farfesa, ga darasinki ya zo har gida. Kin ga hayaƙi? Ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu... ga ta nan! Ƙarar da kika ji tsohon labari ce, abin ya riga ya faru, kuma ba a kanki ba." Haka ya ja ni muna ƙirge, lungu bayan lungu, Inna na bayanmu da ƙullin kaya tana cewa, "Wannan mutum, ko yau ba za ka yi shiru ba?"

Dab da bakin kogi muka tarar da shinge. Wani dogo mai rawani, idanunsa kaɗai ake gani, ya zazzage jakata, littattafan makaranta suka zube. Ya taka ɗaya da takalmi ya ce da Larabci, "Ku wuce, yarinyar ta zauna, akwai tambayoyi." Duk matan da ke wurin suka sunkuyar da kai. Kowa ya san irin tambayoyin.

Sai na ji Baffa ya yi salati da ƙarfi. Ashe hannun mutumin yake kallo, agogo huɗu jere har gwiwar hannu, na mutane da ya ƙwace. "Subhanallahi! Wa ya yi maka wannan zalunci? Wannan yana jiya, wannan yana gobe, wannan ya mutu, kai kana tsakiya! Idan shugabanka ya ce ƙarfe biyu, wanne za ka bi?" Mutumin ya ce, "Shayib, kai tsoho, kana da hankali kuwa?" Amma ya dubi hannun nasa. 'Yan uwansa suka tuntsire da dariya, kafin ka ce me kowa ya miƙo nasa. Baffa ya shimfiɗa hankici a ƙasa, ya zaro kayan aiki daga aljihu, ya maƙala gilashi, ya fara ba su labarin jirgin Makka. Can ya ce wa mai rawanin, "Man agogo yana wurin mai kwalekwale, bari yarinyar nan ta karɓo." Mutumin ya kaɗa hannu bai ɗago ba. Baffa ya juya harshe zuwa Hausa, idonsa na kan agogo. "Rabi, ja ta a hankali, kada ku waiwaya. Yi gaba, Farfesa, zan same ki jiya."

Ban sake ganinsa ba. Waɗanda suka tsallako daga baya sun ce ya gyara agogunan duka, aka sake shi, amma ya koma Ridina, wai agogunan shago za su tsaya, ba mai murɗa su. Kwana huɗu bayan nan bom ya faɗo kan shagon, yana ciki.

Ni dai a cikin kwalekwale na kifa kaina a cinyar Inna, ina ta ƙirga kamar yadda ya koya mini. Ban san mun iso Kusuri, tsallaken kogi, ba sai da mai fito ya taɓa kafaɗata da bakin filafili, rana tana tsaka, ya ce, "'Yata, buɗe idonki, nan ba mai taɓa ki." A nan na tuna na bar shi tsugune a ƙasa ko na gode ban ce masa ba.

Na san Musye ne ke da gaskiya, ba hanyar komawa wurin shingen nan. Saboda haka sai in aika ta inda saƙo ke isa. Allah ka jiƙan Baffa Tanko, ka yafe masa la'asar ɗin nan da sauran kurakuransa, ka haskaka makwancinsa. Ka kuma sanar da shi na iso lafiya, na gode.