Banish ɗin da Ya Hana Malam Iro Ganin Gidansa

Har gobe ban manta da ranar da na fesa wa gidan Malam Iro banish, ya bushe yana ƙyalli kamar sabon kwanon sha ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan, ku matso ku ji, don na ga yadda kuke riƙe gwangwanin feshi sai ka ce masu kashe sauro.

Aikina haɗa ƙananan samfurin gine-gine ne da kwali da katako da fenti, irin wanda ɗaliban zanen gini ke kai wa malamansu a ƙarshen karatu. Shagonmu yana bayan tashar jirgin ƙasa a Ƙaura. Da can muna da yawa, har da maigidana Malam Habu da ya koya mini aikin. Da hanyoyi suka lalace kowa ya kama gabansa, shi ma ya koma Gusau wurin 'ya'yansa, ya bar mini makulli. Sai in wuni ba wanda ya yi mini sallama, in ci abinci ina kallon bango. Kaɗaici ya dame ni a shekarar nan, ba na ɓoyewa.

Ana tsakiyar damina Malam Iro ya zo. Dattijo ne daga wani ƙauye a gefen Gurbin Bore, 'yan bindiga sun tashe su, yana zaune a ɗakin aro a cikin gari. Ɗansa zai zo ranar wata Juma'a ya tafi da shi kudu, kuma dattijon ya san shi da ƙauyen nan har abada. So yake in yi masa gidansa ɗan ƙarami ya tafi da shi. Hoto babu. Kullum sai ya zo ya zauna a benci yana zana mini da sandarsa a ƙasa: nan zaure, nan rumbuna, nan turken shanu. Ni kuma ina tankaɗe jar ƙasa, in kwaɓa da gam, in shafe katangu da ita. Idonsa yana da yana, sai ya kawo fuska daf da aikin kafin ya ce ya yi ko bai yi ba. Na saba da zuwansa fiye da yadda na zata.

Ƙa'idar aikin ita ce, in an gama fenti sai a fesa banish don ya riƙe ƙasa da launi, kada jijjigar mota ko raɓa su ɓata shi. Banish iri biyu ne, akwai mai ƙyalli na kujeru da gadaje, akwai dusasshe wanda in ya bushe ba za ka san an fesa komai ba. Ginin ƙasa dusasshe yake so. Gwangwanin dusasshe ɗaya ya rage mini, na girgiza shi yadda na saba, na fesa ranar Laraba.

Ranar Alhamis ya zo, na fito da aikin bakin ƙofa. Katangu suna walƙiya, rufin ciyawa kamar an zuba masa mai. Ya sunkuya, ya karkata kai dama da hagu, ya kare ido da tafin hannu.

"Ɗana, ban ganin komi," in ji shi. "Haske ɗai nika gani."

Mai yanar ido, in haske ya dawo masa daga abu mai sheƙi, komai fari yake koma masa. Ya kai yatsa ya shafa katangar zaure, ya ji santsi, ya janye hannu. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Gogewa ba ta yiwuwa, ƙasar za ta biyo takardar yashi. Na zagaya masu sayar da fenti, duk mai ƙyalli gare su, hanyar Gusau kuwa ba ta biyuwa a makon. Sai na kira Malam Habu a waya, na faɗa masa abin da ya faru.

"Kafin ka fesa, yaushe rabon da a taɓa gwangwanin nan?" ya tambaye ni.

"Tun kuna nan, Maigida."

"To, ai shi ke nan. Abin da ke kashe ƙyalli wani gari ne mai laushi a cikin ruwan. In gwangwani ya daɗe a tsaye sai garin ya kwanta a gindi ya daskare, kai kuma ka fesa ruwan sama zalla."

Ya ce in tsoma gwangwanin a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, in kifa shi, in yi ta girgizawa har 'yar ƙwallon ƙarfen ciki ta riƙa yawo sakayau, sannan in ƙara. In tsaya a inuwa, in ja baya kamu guda, in fesa sama-sama, in bari ya sha iska kafin in maimaita. Na girgiza har kafaɗata ta yi tsami. Na gwada a guntun kwali, ya bushe dusasshe. Sannan na bi gidan da feshi a hankali, domin gwangwanin ya riga ya yi sauƙi a hannu. Ina kan rumbu na ƙarshe ya fara tofar da iska.

Da hantsin Juma'a suka tsaya da mota, ɗan yana ta duba agogo. Malam Iro ya sunkuya kamar jiya. Ya daɗe bai ɗago ba. Can ya ɗora yatsa a kan wata 'yar ƙofa a kusurwar gabas.

"Ga ɗakin uwar yarana nan," ya ce. "Nan ta cika."

Ya ƙi yarda a sa gidan a but ɗin mota, a cinyarsa ya ɗora shi. Na tsaya har motar ta sha kwana, na koma shago na zauna a bencinsa. Ban sake jin labarinsa ba.

Shi ya sa nake takura muku a kan girgiza gwangwani da gwaji a kwali, kuna cewa na cika mita. Ku riƙa tambayar kanku idon wa zai kalli aikin. Ɗalibi in ya lalace masa, maki zai rasa, ya sake wani baɗi. Wani kuwa abin da ke kan teburinku shi kaɗai ya rage masa na gida.