Dattijon Motar Bungudu da Kalma Mai Harafi Huɗu

Jama'a, yau bakina ya kusa ja mini asarar aiki!

Na shiga mota daga Bungudu zan je Gusau intabiyun aikin koyar da Hausa. Ina cike wasan kalmomin nan na bayan jarida, sai tambaya ɗaya ta cije: "Ana zama a cikinsa, kuma ana tuƙa tuwo da shi. Harafi huɗu."

Haushi ya kama ni, na ce da ƙarfi, "Wanda ya tsara wanga abu bai san Hausa ba!"

Wani dattijo a gefena ya ce, "Haka ne, Malam?" Na ce wallahi kuwa.

Ina shiga ɗakin intabiyu, sai ga dattijon zaune a tsakiyar masu tambaya!

Ya ce, "Ni ne wanda bai san Hausa ba. Ka samo amsar?"

Na ce ban samo ba. Ya ce, "A Bungudu, ƙauye kake zaune?"

Na ce, "A'a Alhaji, cikin gari... Innalillahi! Gari!"

Duk suka fashe da dariya. Ya ce in zo Litinin in kama aiki.