Is'haƙa Tela da Sunan da Ya Ƙi Sokewa

Wa ya fi tausayin mutum: wanda ya ƙyale shi ya ɓuya da kunyarsa, ko wanda ya bi shi har gida don ya maido shi inda aka yi masa dariya? Na daɗe ina juya tambayar nan, ban sami amsa ba.

Kowace Asabar bayan la'asar, Malam Is'haƙa yakan rufe shagon ɗinkinsa a Dogon Dutsi, ya ɗauki littafin sunaye, ya nufi ƙungiyarmu ta koyon magana gaban jama'a. Shekara goma sha ɗaya shi ne mai kula da mambobi. Kowa na kallon mai jawabi, shi yana kallon ƙofa. Baƙo ya leƙo, ya tare shi, ya zaunar da shi kusa da shi, ya rubuta sunansa da garinsu.

Bara ya kawo mana Mani, makiyayi daga Ɗan Kassari, mai in'ina. Ranar jawabinsa na farko harshe ya sarƙe, wasu suka tuntsire da dariya. Mani ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Dokarmu ita ce wanda ya yi fashi sau uku a soke sunansa. Da Mani ya cika fashi uku, Luƙman, shugabanmu, ya miƙa wa Is'haƙa alƙalami.

"Baba Is'haƙa, doka doka ce."

"Sai ka fara soke waɗanda sunka yi dariya, ɗana. Ko in karanto maka sunansu? Naka na ciki."

Sau huɗu yana hawa moto zuwa Ɗan Kassari. Mani ya ba shi nono, ya ce, "Malam, shanuna ba su yi mini dariya. Ba ni sake tsayawa gaban kowa." Ni kaina na ce wa Is'haƙa ya bar bawan Allah ya huta. Ya ce shi ya kawo shi, idan Mani ya mutu da bakinsa a rufe, shi za a tambaya.

Yanzu idon Is'haƙa ya yi rauni, ya ajiye aikin, kuma hankalina bai kwanta ba. Masu son lasifika sun yi mana yawa. Wa zai kalli ƙofa?

Kai ne, Is'haƙa, mai neman wanda bai zo ba. Mun gode, Allah ya saka. Ku da kuka rage, wani ya ja kujerarsa zuwa bakin ƙofa.

Ranar ban kwana Is'haƙa ya nemi alfarma ɗaya, a kira sunaye duka. Muka ji tsoro, don za a kai ga wanda ba zai amsa ba. Luƙman ya kira a hankali:

"Mani Ɗan Kassari."

Daga waje aka ce, "G-ga ni."

Ya tuɓe takalmi, ya ratsa mu har gaba. Ya juyo ya fuskance mu, ya yi sallama.