Tsakuwar Kawu Kalla

A Deule kowa ya san Kawu Kalla da taurin kai, da kuma gorarsa ta tsakuwa. Ƙanen mahaifiyata ne. Ya yi imani duniya juyi take yi: yunwa ta zo, a samu wadata shekara ashirin, ta sake dawowa. Daga ubansa ya gaji lissafin. Bayan kowace yunwa sai a zazzage gorar, duk kaka a jefa tsakuwa guda.

Bayan farin 1973 ya soma sabon ƙirge. Mushen lakwal, wato malamin makarantarmu, ya sha gaya masa ko masanan Turai gardama suke kan irin wannan juyi. Sai Kawu ya ce, "Su suka sani. Gorata ba ta ƙarya!"

Kakar 1983 aka yi ta maganar dabbobi suna tsada, masu su za su huta. Kawu ya ce zai sayar da hatsin rumbunsa biyu ya sayi shanu, tunda yunwa na nesa. Matarsa, Inna Biba, ta yi magiya har ta gaji.

"Malam, ko guda ka bari."

"Ke mi kika sani? Kawo gorar ki gani."

Ya zazzage ta kan tabarma gabanmu. Sha tara! Ya sake ƙirgawa, sha tara dai. Muka ce, haba Kawu, yaushe aka yi farin nan? Ya ce tsufa na rikita mutum, amma ba ya rikita dutse. Ranar ya liƙe bakin rumbunan da laka.

Damina ta gaba ruwa ya ƙi. Shanun mutane suka yi ta faɗuwa, gidaje da yawa suka watse kudu. Mu sha huɗu muka ci hatsin nan har ruwa ya dawo, ba mu binne kowa ba. Wallahi har yau in na tuna sai na yi ajiyar zuciya.

Kawu kuwa ya cika gari da alfahari. Wata rana yana cikin yi, Inna Biba na tsintar wake, ta ɗauki tsakuwa ta jefa cikin gorarsa, ƙwas!

Ya juyo yana kallonta.

"Guda nawa kika ƙara mini?" in ji shi.

"Tara, Malam," in ji ta. "Yunwa ba ta iya lissafi ba. Ni kuwa na iya ƙirga bakunan gidan nan."