Motar da Ta Ƙi Rufa wa Barau Asiri

Duk Birnin Kudu babu wanda ya taɓa kayar da Barau bakanike a gardamar ƙarar inji sai matarsa Mairama, ita ma da faranti ta kayar da shi. Wata rana da hantsi aka kawo wuta, firijinta ya kama kakkarwa. Barau ya cire hula, ya karkata kai, ya ce injin ne ya tasam ma mutuwa, kwana uku ya ba shi.

"Malam, ba inji ba ne," in ji Mairama.

"Ke da tuwo kika sani, me ya haɗa ki da inji? Shekara talatin ina cin abinci da kunnen nan."

Ya kwaso sifanu ya baje a tsakar ɗaki kamar mai shirin fiɗa. Ita kuwa ta miƙa hannu ta ɗauke farantin silba da murafan tukwane da ke bisa firijin. Tsit. Ta ce, "Likita, majinyacinka ya miƙe." Mutumin naku ya tattara ƙarafansa ɗaya bayan ɗaya, ko koko bai tsaya sha ba.

Amma kada ku raina shi. Ɗan Surko ne, ubansa manomin dawa. Da ya sauke allo aka miƙa masa fartanya, ya duba ta sama da ƙasa ya ga babu noti a jikinta, sai ya nufo tasha. Yau garejinsa na ƙarƙashin wata darbejiya a bakin hanyar Gwaram. Babu rami, babu rumfa, sai jak biyu da kututturan itace da yake tokare mota da su. Jarinsa kunne ne. Mota tana tahowa daga nesa zai ce boris ɗin tayarta ya ci, kuma haka za a tarar.

Bara ne Hajiya Lailatu, tsohuwar unguwarzoma ta Gwaram, ta zo masa da wata mota da ɗanta mai sayar da kayan sola ya aiko mata daga Kano. Ba ta shan mai, caji ake mata. Tana tafiya shiru kamar kyanwa ta hango kifi. Ramukan hanya sun cinye robobin da ke riƙe ƙafafunta na gaba, waɗanda bakanikai ke kira bushin. Barau ya ɗaga ta a jak, ya sa sababbi, ya ɗaure tam, ya sauke.

Bayan kwana biyu sai ga Hajiya ta dawo.

"Barau, na kawo maka mota tana tari, ka mayar min da ita tana kuka. Ƙiƙ, ƙiƙ, tun daga Gwaram har nan, kamar ina tafe da ƙofar langa-langa."

Nan da nan aka taru. A cikin masu kallo har da Safiyanu, wanda ya buɗe gareji tsallaken titi bayan ya koyo aiki a Kano, yana da wata na'ura da yake soka wa mota ta gaya masa ciwonta. Ya soka, na'ura ta ce lafiya lau. Duk da haka bakinsa bai mutu ba.

"Baba, wannan ba irin akwalar da kuka saba ba ce. Ku bar Hajiya ta mayar da ita Kano tun ba ku ƙarasa ta ba."

Barau ya ji maganar har ƙashinsa. In motar nan ta tafi Kano tana kuka, shi ke nan, a tasha za a ce kunnen tsoho ya mutu, kuma ba shi da wani abin da zai ci abinci da shi. Ya ce, "Hajiya, ki ba ni zuwa la'asar."

"Ni ma da ƙafata zan tsaya. Na karɓi haihuwar rabin Gwaram, ban taɓa barin mai naƙuda na tafi ba."

Ya sake ɗaga motar. Ya girgiza taya gefe da gefe, ya girgiza sama da ƙasa, ya juya ta yana kasa kunne. Babu komai. Ya sauke, ya ce ta ja su hau titi. A kan kwalta mai santsi, ko ta yi gudu shiru, ya ce to ba boris ba ne. Ta taka birki, shiru. Ta murɗa sitiyari hagu da dama, shiru. Suna sauka hanyar burji ta Kangire, ramin farko, ƙiƙ.

Sai ya fita. Ya ce ta tafi a hankali, shi kuma ya dafa gefen motar yana binta da ƙafa, hula a hannu, kunne a kan taya, kamar mai rakiyar saniya kasuwa. Masu noma suka bar kunya suna kallo. Wata mai tallan fura ta tambaya ko motar ce ke masa raɗa. Bai kula ta ba. Da motar mai ce, ruri da hayaƙi ba za su bar shi ya ji komai ba. Wannan kuwa ba ta ɓoye ko numfashi. Kukan daga sababbin robobin yake fitowa, waɗanda ya sa da hannunsa.

Da suka koma gareji ya ɗaga ta karo na uku, ya kwanta a gefe, ya ce Hajiya ta sassauta jak ɗin kaɗan-kaɗan. Motar ta riƙa sauka, tana sauka, fiye da yadda ya zata, don batirin da ke shimfiɗe a cikinta nauyi gare shi kamar buhunan dawa. A gaban idonsa robar ta murɗe kamar ana matse wanki. Ya ɗaure ta ne ƙafa na rataye a sama. Da nauyi ya zauna, dole ta murɗe, kowane rami kuma ta yi kuka.

Ya daɗe kwance a wurin. Shekara talatin haka yake ɗaurewa, haka maigidansa ya koya masa, inji na rufa musu asiri su duka.

Yanzu sai a ɗaure notunan, mota na tsaye da ƙafarta, shi kuwa ba shi da rami. Ya aro katako biyu masu kauri wajen kafinta, ya gitta su a kan lambatun bakin titi, ya sa Hajiya ta hau a hankali. Dattijo da furfurarsa ya zura cikin lambatu, tsakanin ledoji da ruwan wanke-wanke. Ya kwance notunan, robar ta saki jiki ta koma daidai, ya sake ɗaurewa.

Suka koma hanyar Kangire. Hajiya ta riƙa neman ramuka da gangan tana faɗawa. Ko ƙiƙ ɗaya babu.

"Me ya same ta?" ta tambaya da suka dawo, jama'a na nan ba su watse ba.

Da wani ne sai ya ɗora wa kayan kasuwa laifi. Barau ya faɗi abin da ya yi, bai rage ba.

Safiyanu ya kwashe da dariya. "Kun ji ko? Da bakinsa. Ashe Baba ne ya ɓata ta. Ni fa tun farko na ce a kai Kano."

Barau ya kakkaɓe ledar da ta maƙale masa a kafaɗa, ya mayar da hularsa, ya dube shi.

"Ni na ɓata, ni na gano, ni na gyara. Safiyanu, a cikin ukun nan wanne ka yi?"